Yadda Ake Sa Ƙashi Ya Rungumi Ƙarfe

Lokacin da aka sauya wa gwaggona gaɓar kwatangwalo da ta ƙarfe, tambayar da ta yi wa likita ita ce: "Ɗana, wannan abu ba zai kwance ba?" Mun yi dariya a ranar, amma da na zauna karatu sai na gane ita ce tambayar da masana suka shafe shekaru suna nema wa amsa. Ƙarfen da ya yi sako-sako a jiki yana jawo ciwo mai tsanani, daga ƙarshe sai an sake tiyata, wadda ta fi ta farko wuya da tsada.

Hanya biyu ake kafa irin wannan ƙarfe. Ko a liƙe shi da wani simintin asibiti, ko a bar ƙashi da kansa ya tsiro ya kama shi. 'Yan sashen gine-gine sun san dalilin da ya sa rodi yake da zane-zane a jikinsa: don kankare ya sami wurin riƙewa. To haka ake wa ƙarfen titaniyom, a yi masa kaushi da ƙananan ramuka masu faɗin mikiromita 100 zuwa 400. Mikiromita 1,000 ne milimita guda, ka ga kuwa ba ƙaramin aikin injiniya ba ne. Wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa titaniyom da ya sa a ƙashin zomo ya manne har ya ƙi fita.

Sai dai rami kaɗai ba ya kiran ƙashi. Idan ƙarfen yana motsi da yawa a makonnin farko, wani nama mai kama da tabo ne zai cike gurbin, shi kuma ba ya riƙe nauyi. Haka nan tsufa, ciwon suga da shan taba duk suna rage saurin haɗuwar ƙashi. A nan ne furotin masu sa tsiro suke shigowa. Su 'yan aike ne da jiki yake saki idan an karye, suna kiran ƙwayoyin halitta zuwa wurin, suna umartarsu su rikiɗe su zama magina ƙashi.

A 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya jiƙa ƙashi a ruwan asid har sinadarin da ke sa shi tauri ya narke, ya dasa sauran a cikin tsokar dabba. Sai ga sabon ƙashi ya tsiro a tsakiyar tsoka, inda ba muhallinsa ba. Daga baya aka kira abin da ke jawo haka BMP. A 1988 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da shi, aka fara haɗa shi a ɗakin gwaji. A 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da BMP-2, mai sunan kasuwa Infuse, don haɗa gaɓoɓin ƙashin baya na ƙasa, sannan a 2004 don karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni. Ana jiƙa wani soso na kolajin ɗin saniya da ruwan furotin ɗin, a ajiye shi inda ake son ƙashi ya fito. Amfaninsa shi ne ba sai an yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci an dasa ba.

To ina matsalar? Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya yake. Furotin ɗin ba ya daɗewa a wuri guda, don haka ake zuba shi ninkin-ba-ninkin abin da jiki yake samarwa. Sai ya malala, ƙashi ya tsiro kusa da jijiya, ko wurin ya kumbura. A 2008 hukumar nan ta yi gargaɗi cewa amfani da shi a ƙashin wuya yana iya kawo kumburin da zai toshe numfashi. A 2013 kuma, bayan Jami'ar Yale ta sa an sake bin bayanan gwaje-gwajen, aka ga cewa a aikin ƙashin baya bai nuna wani fifiko bayyananne a kan dashen ƙashin mutum na kansa ba.

Ke nan furotin ɗin yana aiki, abin da ya rage shi ne a kai shi daidai wuri, daidai awo, daidai lokaci. Shi ya sa masu bincike suke gwada shafa wa titaniyom sinadarin kalsiyom fosfet irin na ƙashi, ko wata roba mai narkewa a jiki, don ta riƙa sakin furotin kaɗan-kaɗan na tsawon makonni. Yawancin wannan aiki har yanzu a kan dabbobi ake yinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ku duba da kyau. Auna faɗin rami, sarrafa fuskar ƙarfe, gwada yawan abin da ya narke a ruwa kowace rana, duk darussan da muke gudu ne a bita da ɗakin gwaji. Likita ne zai riƙe wuƙa, amma amsar tambayar gwaggo tana hannun irinmu.