Yadda Ake Auna Haɗarin Ambaliya a Gaɓar Rafi Domin Yanke Kuɗin Inshora

Mai sayar da inshora ba ya iya yanke kuɗin da mai gida zai riƙa biya sai ya san gwargwadon yiwuwar asara. Gobara da haɗarin mota sukan auku ne ɗai-ɗai, amma ambaliya takan cinye unguwa ɗungurungum a dare guda. Wannan ya sa kamfanonin Amurka suka daɗe suna gudun ta, har sai da majalisar ƙasar ta kafa shirin inshorar ambaliya na tarayya a 1968, wanda daga baya aka danƙa wa hukumar FEMA da aka kafa a 1979.

Awon yana farawa ne daga bakin ruwa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana da dubban tashoshi a gaɓar rafuka da koguna, ta farkonsu kuwa ita ce ta Embudo, a kan kogin Rio Grande, tun 1889. Tasha tana rubuta tsayin ruwa dare da rana, ma'aikata kuma sukan zo jefi-jefi su auna faɗinsa da zurfinsa da gudunsa, domin a san yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa idan ya kai wani tsayi.

Daga nan sai a tsamo cikowa mafi girma ta kowace shekara, a jera su daga babba zuwa ƙarama. Alal misali, idan akwai bayanan shekara 49, sai a ƙara ɗaya su zama 50, a raba da matsayin kowace cikowa a jerin. Ta farko ke nan ta shekara 50 ce, ta biyar kuma ta shekara 10. Da yake ba kowane rafi ke da bayanan ƙarni guda ba, masana ƙididdiga sukan miƙa lissafin gaba don su kirdadi abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari.

A nan ne jama'a suka fi ruɗewa, kuma sunan ne ya ja. Ma'anarsa ita ce ambaliyar da ke da yiwuwar kashi 1 cikin ɗari a kowace shekara, ko da kuwa an yi irinta bara. Wanda ya karɓi bashin gida na shekara 30 a irin wannan wuri, yiwuwar ya gamu da ita kafin ya gama biya ta kai kashi 26 cikin ɗari, wato sama da ɗaya cikin huɗu.

Sanin yawan ruwa bai wadatar ba, sai an san inda zai malala. Safiyoyi sukan auna siffar kwarin rafin wuri-wuri, tare da gadoji da kwalbatoci masu tare ruwa, da kuma kaushin ƙasa, domin ruwa ya fi gudu a kan siminti bisa ga cikin ciyayi. Kwamfuta ke haɗa waɗannan ta fitar da tsayin da ruwa zai kai a kowane wuri, a zana shi a taswira. Shekaru da dama, mafi yawan kuɗin ya rataya ne a kan yankin da gida ya faɗa a taswirar, da kuma tazarar daɓensa daga wancan tsayi.

Sai dai taswira tana tsufa. Idan gari ya bunƙasa, kwalta da rufin gidaje suka maye gurbin gonaki, ruwan sama ba ya samun wurin nitsewa, sai rafi ya cika fiye da yadda tsofaffin bayanai suka nuna. A ambaliyar birnin Houston ta 2017, gidaje masu ɗimbin yawa da ruwa ya shiga suna wajen yankin da aka shata. Daga watan Oktoba na 2021 FEMA ta koma yanke kuɗi gida-gida, bisa nisansa daga ruwa, da tudun da yake kai, da abin da sake gina shi zai ci. Taswirar kuwa ita ce har yanzu ke nuna wanda doka ta wajabta wa sayen inshorar.