YADDA A KE HANA KYANKYASO SHIGA SABON GIDA

Ga shekara ta zo ƙarshe, 'yan ajin ƙarshe sun fara ɗaure kaya. Ba da daɗewa ba za a rarraba ku makarantu, wani a ba shi gidan malamai, wani ya kama haya cikin gari. Saboda haka na ga ya kamata mu yi darasi a kan wani baƙo da ya kan riga mai gida tarewa, watau kyankyaso. Kada wani ya rena shi. Da dare ya kan fito daga shadda ko kwata, ya bi ta kan kwanon tuwo da cokalin jariri, ya bar ƙwayoyin cuta irin masu kawo gudawa da atuni. Kashinsa da saɓarsa kuwa su kan tayar wa yara da ciwon asma. Malami kuma yana da wata hasarar, domin kyankyaso na cin gam ɗin da a ke haɗa littafi da shi, har ya gaigaye takardun shaida.

Mu San Shi Tukuna

Kyankyasai a duniya sun fi iri 4,000, amma wajen iri 30 kaɗai ke zama tare da mutane. Biyu daga cikinsu su ne suka fi damunmu.

Na farko shi ne babban nan ja, mai tsawon kamar santimita 4, wanda ya kan tashi sama da dare lokacin zafi. Turawa na kiransa kyankyason Amurka, amma asalinsa daga wajenmu ne, jiragen ruwa suka ƙetare da shi. Mazauninsa shadda da kwata da ramin ruwan ban ɗaki, watau daga waje ya ke shigowa. Macen ta kan sa ƙwai wajen 16 cikin wani kwanso mai kama da ƙwayar wake, ta liƙa shi a lungu.

Na biyu ƙarami ne, bai wuce santimita 1 da rabi ba, launinsa ƙasa-ƙasa, da zane biyu baƙaƙe a bayan kansa. Ana kiransa kyankyason Jamus, amma wani bincike da aka buga cikin 2024 ya nuna daga wajen Indiya da Bama ya samo asali, shekara kamar 2,100 da suka wuce. Shi wannan ɗan cikin gini ne, kuma cikin kayan mutane ya ke tafiya gari-gari. Macen na yawo da kwanson ƙwanta har ya kusa fashewa, a ciki akwai ƙwai 30 zuwa 40, 'ya'yan kuma su balaga cikin wata 2 ko 3.

To, mu yi lissafi. A ce mace ɗaya ta biyo kayanka, ta ƙyanƙyashe 30, rabinsu mata. Mata 15, kowace ta ba da 30, sun zama 450 ke nan, tun ba a gama zango biyu na karatu ba.

Daga nan za mu gane ƙofa biyu ce garesu. Ƙaramin kayanka ya ke bi, babban kuwa ginin ya ke bi. Sai mu tsare su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa Ta Farko: Kayanka

Babban jirgin kyankyaso shi ne tsohon kwali. In ka duba bakinsa za ka ga ƙananan ramuka tsakanin takardun, nan su ke ɓuya da ƙwansu. Kada ka roƙo kwalin kantin kayan abinci ka zuba littattafai. Akwatin ƙarfe ko na roba mai murfi ya fi. In ba makawa sai kwali, ka zazzage kayan a tsakar gida, ka fitar da kwalin ran nan, kada ya kwana a ɗaki.

Littattafai ka kakkaɓe su ɗaya-ɗaya, ka leƙa ta gindin bango. Tufafi a wanke. Katifa da tabarma da akwati a shanya su cikin rana tsaka, don zafi mai tsanani na kashe su. Tebur da kabad a kifar da su, a zaro aljihunan, a dubi mahaɗar katako. Abin da ka ke nema uku ne: kwanson ƙwai, da saɓa, da baƙin kashi mai kama da garin masoro. In ka sami kwanso, ka murƙushe shi, kada ka share shi waje kawai.

Rediyo da talabijin da firji su ne suka fi wuyar sha'ani, saboda ɗumin da ke cikinsu. Ni abin da na kan yi shi ne in goge bayan firji da robar bakin ƙofarsa, ƙananan kayan kuwa in ɗaure su cikin leda kwana biyu, in ga ko wani abu zai fito. Kayan gwanjo ma haka.

Ƙofa Ta Biyu: Ginin

Ka je ka ga gidan tun yana wayam, ka tafi da tocila da dare. Kyankyaso ɗan dare ne, in ka gan shi da rana yana yawo, to, sun yi yawa ƙwarai. Ka yi magana da mai gida kafin ka biya kuɗi, don tun ran gini ran zane.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masana a Amurka sun gwada cikin 2016, suka ga babban kyankyaso na iya matsewa ya wuce ta tsaguwa mai faɗin milimita 3. Saboda haka ka bi da siminti ka toshe duk wata kafa, musamman inda bututun famfo ya huda bango. Ka sa raga a taga da bakin makwarara, ka buga roba a ƙasan ƙofa. Shadda a yi mata murfi mai zama daidai, bututun da ke fitar da warinta a ɗaure masa raga.

In gidan mai ban ɗakin zamani ne, ka lura da wannan. Ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu akwai lanƙwasar bututu wadda ruwa ke tsayawa ciki, shi ne ke tare hanya. In gida ya daɗe ba kowa, ruwan ya kan bushe, hanya ta buɗe daga rami har ɗaki. Ran da ka karɓi makulli, ka zuba ruwa cikin kowace.

Sa'an nan ka wanke kabad da lungunan kicin da ruwan sabulu. Warin tsohon kashinsu shi ke kiran 'yan'uwansu.

Bayan Ka Tare

Kyankyaso na iya yin kamar wata guda bai ci ba, amma ƙishirwa ba ta barinsa ya wuce mako da yawa. Don haka ka gyara famfo mai ɗiga, ka rufe randa, ka tsane kicin kafin barci. Wanda aka tura inda damina ke da tsawo, kamar Ikko ko Fatakwal, sai ya ninka wannan kula. Kwanuka kada su kwana ba a wanke ba, gari da sukari a sa cikin abu mai murfi, shara kuma a fitar kowace yamma.

Batun Magani

Maganin feshi na kashe wanda ya taɓa, amma ba ya ratsa kwanson ƙwai. Wanda ya fi shi aiki shi ne mai kama da man goge baki, da a ke ɗiga ƙanana-ƙanana a lunguna. Kyankyaso ya ci, ya koma maɓoya ya mutu, sauran su ci kashinsa da gawarsa su bi shi. Kada a yi feshi kusa da shi, kuma a sa shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ina roƙonku ku guji fiya-fiya da sauran magungunan gona cikin ɗaki. Cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan gari saboda haɗarinsa. Ƙwayar nan da a ke sa wa buhun hatsi kuwa iska mai guba ta ke fitarwa, ta sha hallaka mutane cikin barci.

Aiki Don Aji

Ka sami kwalba mai faɗin baki, ka shafa basilin a bakinta ta ciki, ka jefa guntun burodi, ka naɗa mata takarda ta waje don su sami abin hawa. Ka ajiye ta jikin bango da dare. Da safe yara su ƙirga abin da ya faɗa, su faɗi ko wane iri ne, da ƙofar da ya biyo. Yaron da ya yi wannan da hannunsa zai kai darasin gidansu.

Allah ya sa ku tare lafiya, ya ba ku maƙwabta nagari, amin.