Darasi a kan tsarin sakin layi

Da yawa daga cikin ƴaƴanmu da ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Musulunci ta Say suna da sani, amma jera shi a takarda ke kayar da su ranar jarrabawa. Sun tashi da hadda, alhali malamin jami'a hujja yake bida.

Sakin layi, wanda Larabawa ke kira faƙara, mas'ala guda yake ɗauka. Jimlar farko ta faɗi mas'alar, dalili ya biyo baya, misali ya tabbatar.

A ganinmu, hanya mafi kusa ita ce a shimfiɗa takardun ɗalibai biyu da malami ya riga ya gyara. Mu ƙaddara an tambaye su abin da ke sa hatsi tsada da damina. Na farko ya soma da fari, ya tsallaka zuwa kuɗin mota, ya sake komowa kan fari. Duk gaskiya ne, sai dai mai gyara bai san inda ya dosa ba. Na biyu ya ce rumbuna kan yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Ya bayyana cewa manomin da ya sayar da kaka shi ne yanzu ke saye, sannan ya gwama kuɗin tiya na lokutan biyu. Batun mota kuwa ya ware masa nasa sakin layi.

Mai koyo ya ja layi ƙarƙashin jimlar da ta ɗauki mas'ala a kowace takarda, sannan ya sake tsara ta farkon da kalmominsa, domin kwafa sata ce. A nemi izinin masu takardun, kuma a rufe sunayensu.