Wasiƙa Ga Yaranmu Masu Son Riga Lamba Tara

Ya ku 'ya'yana da ƙannena masu taka leda a filayen unguwa da na makarantu. Ina so in yi magana da waɗanda suka zaɓi tsayawa a gaba daga cikinku, masu jin cewa Allah ya ba su ƙafar cin ƙwallo. Kuna da yawa, kuma galibinku burinku ɗaya ne, wato a wayi gari ku ganku a Turai. Ban ga laifin burin ba. Gaggawar ce ke tayar mini da hankali, don haka na ga ya dace in ba ku labarin wani mutum da aka haifa a Kaduna ranar 23 ga Oktoba 1963, marigayi Rashidi Yekini, Allah ya jiƙansa.

Na san kun san hotonsa ko da ba ku riski wasansa ba: ƙato, baƙi, cikin raga, ya damƙe zarenta da hannu biyu yana jijjigawa, baki buɗe. Ranar 21 ga Yuni 1994 ke nan a birnin Dalas na Amurka, ranar da Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, ta lallasa Bulgeriya da ci uku ba ko ɗaya. Shi ya ci ta farko. To ku je ku sake kallon ƙwallon nan da idon mai koyo. Daniel Amokachi ya tura wa Finidi George a gefen dama, Finidi ya aiko ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Yekini ya sa ƙafa ya tura. Iyakar abin ke nan. Bai yanke kowa ba, bai buga daga nesa ba. Ko ƙaramin cikinku zai ce ai ni ma zan iya. Gaskiya ne za ka iya turawa, amma da wuya a same ka a wurin. Kafin Finidi ya ɗaga kai Yekini ya riga ya fara gudu, ya kuɓuce wa mai tsaronsa ba tare da ya yi satar gida ba, ya iso daidai lokacin da ƙwallo ta iso. Sanin wannan lokacin shi ne sana'ar ɗan wasan gaba gaba ɗayanta, kuma a ranar da ya nuna wa duniya ita yana da shekara 30 cur.

Ku bi sawunsa ku ga inda shekarun suka tafi. Ya fara ne da ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna, ƙungiyar ma'aikata, a zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Daga nan ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke ta. Ya koma Abiola Babes ta Abeokuta. Da ya tashi barin ƙasa ma bai nufi Turai ba, Abijan ya je, ya shiga Africa Sports ta Kwaddibuwa, ya yi shekaru yana cin ƙwallaye a can. Sai a 1990 ya tsallaka teku, yana wajen shekara 26, zuwa Vitoria ta garin Setubal a Fotugal, ƙungiyar da ba ta cikin manyan nan uku na ƙasar, Benfica da Porto da Sporting.

A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani sosai. Kakarsa ta farko a Setubal ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ga mutum mai buga wa ƙasarsa, wanda ya riga ya je gasar Olamfik a Koriya ta Kudu a 1988, an ce ya je yana zagaya ƙananan filayen garuruwan Fotugal. Da yawa daga cikin 'yan wasan yau da sun tattara kayansu a makon farko. Shi ya zauna kaka biyu a ƙasa. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34, ya ɗauko ƙungiyar ya dawo da ita rukuni na ɗaya. Kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a duk faɗin babbar gasar ƙasar, har da 'yan wasan gaban Benfica da Porto. A tsakanin nan ne hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar na 1993, ɗan Najeriya na farko da ta bai wa wannan lamba. A ganina shekarun nan biyu na rukuni na biyu su suka gasa shi ya nuna. A can ya samu abin da babu kocin da zai iya koya wa mutum a kan allo: buga minti 90 kowane mako, da ɗaukar nauyin ƙungiyar da ta san idan bai ci ba babu mai ci.

Haka abin yake a rigar ƙasa. Ya shiga tun 1984, kuma ya ɗanɗani ɗacin kusa da nasara har ya gaji. Najeriya ta yi ta biyu a kofin Afirka a 1984, Kamaru ta doke ta. Ta sake yin ta biyu a 1988, Kamarun dai. A 1990 Aljeriya ce ta hana ta a wasan ƙarshe. A 1992 a Senegal ta ƙare ta uku, shi kuwa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da huɗu. Sai a 1994 a Tunisiya, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, kofin ya zo gida. Ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, sannan da aka je bugun fenariti shi ya buga wadda ta raba gardama. Shekara goma ya yi yana jiran wannan kofi. Da ya ajiye rigar bayan gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa, ya bar ƙwallo 37, adadin da aka shafe sama da shekara 25 ba wanda ya kamo.

To yanzu ku dubi kanku. Yaro ya ci ƙwallo biyar a gasar unguwa, an kira shi da sunan wani ɗan wasan Turai, sai ga wani mutum da jaka da waya biyu ya zo gida ya ce akwai gwaji a ƙasar waje, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Uwa ta sayar da abin da ta tara, uba ya jinginar da gona. Wasu ba su ƙara ganin mutumin ba. Wasu kuwa sun tafi, gwajin bai yiwu ba, takarda ta ƙare, kunya ta hana su dawowa. Ƙungiyar da take sonka da gaske ita take aiko takardar gayyata da sunanka, kuma ba ta neman kuɗin mahaifinka. Kada ɗayanku ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko wadda wani babba mai ilimi kuma mai ƙaunarsa bai karanta masa ba. Kuma don Allah ku daina rage shekaru. Tsoron tsufa ke sa yaro ɗan 22 ya ce shi ɗan 16 ne, ya gina rayuwarsa a kan ƙarya, alhali mutumin da nake ba ku labari ya yi wasanninsa mafi kyau ne tsakanin shekara 28 da 30.

Ku nemi inda za ku buga. Idan ƙungiyar ƙaramar hukuma ce ta ba ka riga, ka cika mata raga har ta jiha ta ji labarinka. Amokachin nan da ya fara shirya waccan ƙwallo ta Dalas shi ma ɗan Kaduna ne, daga Ranchers Bees ya tashi. Ahmed Musa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da rigar Kano Pillars kafin Turawa su neme shi. Masu neman 'yan wasa lissafi suke dubawa, wasa nawa ka buga, ƙwallo nawa ka ci, kuma wanda ke zaman benci a babbar ƙungiya ba shi da abin nunawa.

Wajen atisaye ma ina ganin kuna ɓata ƙarfinku a inda ba shi ne aikinku ba. Kowa yana son ya yanke mutum uku 'yan kallo su yi ihu. Bayan an tashi, wa ke tsayawa da gola ɗaya da mai aiko ƙwallo ɗaya ya yi ta bugawa da ƙafar da bai iya ba? Wa ke koyon sa kai? Yekini ƙarfi ne da shi da gudu da bugu mai nauyi, amma ya sha zubar da damar da mutane suka riƙe kai saboda ita. Abin da ya bambanta shi, bayan ya zubar yakan koma wurin nan dai ya jira ta gaba, ba ya ɓuya a bayan masu tsaron baya don gudun zagin 'yan kallo. Idan kun je gidan kallo, ku ɗauke ido daga kan ƙwallo na ɗan lokaci, ku bi lamba tara da kallo, ku ga abin da yake yi lokacin da babu ƙwallo a ƙafarsa.

Ba zan ɓoye muku sauran labarin ba, don shi ma naku ne. Bayan 1994 ya bar Setubal zuwa Olympiacos ta Girka, ƙungiya babba mai kuɗi, zaman bai yi daɗi ba, bai daɗe ba ya fita. A Sporting Gijon ta Sifaniya ƙwallayen suka ƙi zuwa. Ya koma Setubal, ya je Zurich a Suwizalan, ya je Tunisiya, ya je Saudiyya, ya sake komawa Abijan, daga ƙarshe ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas, har a 2005 ya sa rigar Gateway ta Abeokuta yana da shekara 41. Tsakanin zamansa gwarzon Afirka da fara wannan yawo shekara biyu ma ba ta cika ba. Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi ne a Ibadan, a keɓe, nesa da mutanen da suka yi ta kiran sunansa a filin wasa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka binne shi a garin Ira na jihar Kwara. Har yau idan na tuna yadda ƙasar da ya sa ta murna ta bar shi shi kaɗai, raina yana ɓaci, kuma ban yafe wa kanmu wannan sakaci ba.

Saboda haka, 'ya'yana, ƙafa tana da wa'adi, kuma gajere ne. Gwiwa ɗaya idan ta goce a atisayen safe, magana ta ƙare. Kada ku bar makaranta saboda ƙwallo, wanda kuma ba ya makaranta ya riƙe sana'ar hannu da yamma ko da safe. Ranar da Allah ya kawo kuɗi, ku sa shi a abin da zai tsaya, ku nemi shawarar wanda ba ya cin komai a jikinku. Ku riƙe iyayenku da 'yan uwanku da abokan da suka san ku tun kuna buga ƙwallon tsumma ba takalmi, ku riƙa zuwa musu tun kuna da ƙarfi, don su ne za su ƙwanƙwasa ƙofarku idan aka kwana biyu ba a gan ku ba. Ku kuma iyaye da masu horarwa na unguwa da wannan wasiƙa za ta faɗa hannunku, ina roƙonku kada ku miƙa yaro ga baƙon da ya zo da alkawarin Turai sai kun bincika shi ciki da waje. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ƙafafunku, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.