Tambaya da Amsa: An Ce Bangaskiyata Ce Ta Gaza

TAMBAYA

Baba Fasto, ni mace ce mai shekara 27. Shan inna ya kama ni tun ina da shekara 3, ƙafata ta hagu ta shanye, ta dama ma ba ta da ƙarfi sosai, da sanduna biyu nake tafiya. Ina ɗinki da keken hannu, kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa a majami'armu. A watan jiya ƙawata ta ja ni wani taron farkaswa. Mai wa'azin ya ce duk mai bangaskiya ya jefar da sandarsa ya taka. Na ba da gaskiya da zuciya ɗaya, na jefar, na faɗi a gaban jama'a har leɓena ya fashe. Sai ya ce akwai shakka a zuciyata, ko wani zunubi da ban furta ba, ko kuwa la'ana ce ta gidanmu. Tun daga ranar ban sake zuwa sujada ba. Baba, kullum ana yi mana wa'azi cewa mai bi yana cin nasara a kan kome. To ni ina tawa nasarar? In bangaskiya ba za ta miƙar da ƙafata ba, mene ne amfaninta gare ni?

'Yarka cikin Ubangiji, daga Kudancin Kaduna

AMSA

'Yata, sannu. Sannu da faɗuwar, sannu kuma da maganar da ta biyo bayanta, don na san ita ta fi ƙasa zafi. Bari in faɗa miki tun farko ba tare da kwana-kwana ba: mutumin nan ya yi miki laifi. Ya sa ki jefar da abin da ke riƙe da ke, da kika faɗi kuma ya ɗora miki alhakin faɗuwar domin ya tsira da mutuncinsa a gaban taro. Yarinyar da ta saki sandunanta a gaban ɗaruruwan mutane saboda an ambaci sunan Yesu, ba wanda zai ce mini ba ta da bangaskiya.

Mu fara da maganar zunubi da la'ana, domin ita ce ke hana mutane barci. Shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, yawanci ta ruwa ko abincin da ya gurɓata. A wajen kusan yaro ɗaya cikin 200 da ta kama, takan kai ga jijiyoyin laka masu ba tsoka umarni ta lalata su, ƙafa ta shanye. Tana kama ɗan fasto, tana kama ɗan liman, tana kama ɗan sarki. Allurar rigakafi da ɗigon baki ne suka kore ta, har a watan Agusta na 2020 aka sanar cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Ke dai an haife ki a lokacin da ba a gama wannan yaƙi ba. Wane zunubi 'yar shekara 3 ta yi? Almajiran Yesu ma sun taɓa yin irin wannan tunani. A Yohanna sura 9 sun ga wanda aka haifa makaho, suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa. Yesu ya kawar da duka biyun. Abokan Ayuba kuwa sun ɓata surori da yawa suna nema masa ɓoyayyen zunubi, a ƙarshen littafin Allah ya husata da su, kuma Ayuba ne ya yi musu addu'a. Duk mai wa'azin da ya ga nakasa ya fara binciken laifi, a sahun abokan Ayuba yake tsaye.

Na gaskata Allah yana warkarwa, kuma ban hana ki roƙo ba. Amma ki duba mutanen da babu mai shakkar bangaskiyarsu. Manzo Bulus, wanda aka warkar da marasa lafiya ta hannunsa, yana da wani abu da ya kira ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire ta, ba a cire ba. Amsar da ya samu, a 2 Korantiyawa sura 12, alkawarin alheri ce mai isa, da ikon Allah da ke bayyana a cikin raunin mutum. Shi Bulus ɗin ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas, shi ne kuma ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon ciki da yawan laulayi. Bai ce wa ko ɗayansu ya binciki zuciyarsa ba. Yakubu ya kwana yana kokawa a Feniyel, ya sami albarka da sabon suna, gari ya waye yana ɗingishi. Albarkar da ɗingishin a dare ɗaya ya same su. Ubangijinmu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, aka bar shi ya sha.

Ayar da ake yawan karanta muku a kan iya yin kome, Filibiyawa 4:13, ki koma ki karanta ayoyi biyu da suka gabace ta. Daga kurkuku Bulus ya rubuta wasiƙar. Yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi, ba tare da zuciyarsa ta karye ba. Mutum ne ɗaure da sarƙa yake cewa Almasihu yana ƙarfafa shi, kuma sarƙar tana nan a hannunsa lokacin da yake faɗa. Wannan ita ce irin nasarar da aka yi wa mai bi alkawari a duniya: wahala ba za ta raba shi da Allah ba, ba za ta ƙwace masa darajarsa ba, ba kuma za ta hana shi yin aikin da aka kira shi ya yi ba. Wani lokaci Allah yakan ɗauke wahalar ɗungum, mu yi murna. Sau da yawa kuma yakan bar ta, ya tsaya tare da mutum a cikinta.

Kin tambayi amfanin bangaskiya gare ki. Abu na farko, tana gaya miki ko ke wace ce. A garuruwanmu, yaron da ƙafarsa ta shanye tun yana ƙarami ake nuna masa hanyar tasha da bakin kasuwa, ana kiransa da nakasarsa kamar ba a raɗa masa suna ba. Littafin Farawa ya ce cikin siffar Allah aka halicci mutum, bai ware masu ƙafa biyu lafiyayyu ba. Ki karanta labarin Mefiboshet ɗan Jonatan a 2 Sama'ila. Yana da shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi da gudu ranar da labarin yaƙi ya zo, ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Ya girma a ɓoye a Lodebar, yana ganin kansa kamar mataccen kare. Dawuda ya aika aka kawo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya ba shi wurin zama a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Surar da ta ba da wannan labari ta ƙare tana tuna mana cewa har yanzu gurgu ne. Ba a warkar da shi ba, amma kullum a gaban sarki yake cin abinci.

Tana kuma ba ki izinin yin kuka. Wannan kam an rage koyar da shi a majami'unmu, kowa so yake ya tashi ya ba da shaidar nasara. Zabura 88 daga farkonta har ƙarshenta kuka ce, ba ta ma rufe da yabo ba, amma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Idan ranki ya ɓaci da Allah saboda abin da ya faru, ki gaya masa a fili. Ya ji irin wannan daga bakin Irmiya da Habakuk, bai kore su ba.

Sai abin da na fi so ki riƙe. Bangaskiyar Kirista ba ta mutum ɗaya ba ce a ɗaki. A Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa, da suka rasa hanyar shiga saboda cunkoso suka hau soro suka buɗe rufin suka zura shi. Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Saboda haka in har za a yi bincike a daren da kika faɗi, sai a tambayi masu ƙafa: wa ya taso ya ɗaga ki, wa ya miƙo miki sandunanki, wa ya zo gida ya duba ki da aka ga Lahadi ta wuce ba ki zo ba? A tarihin bishara a yankinmu, wannan ɗaukar juna ita ce ta fi canza rayuwar masu nakasa. Asibitin ido na ECWA a Kano yana aiki tun 1943. A Gindiri aka buɗe makarantar yara makafi a 1953, inda suka koyi karatu da yatsunsu. A Garkida da Danja kusa da Maraɗi aka kula da kutare a zamanin da danginsu ma ke gudunsu. Masu bi ne suka yi waɗannan ayyuka, suna addu'a suna kuma wanke miki, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Akwai wani ɗan'uwa daga Jihar Filato, Ayuba Gufwan, da shan inna ya kama tun yana yaro. Ya yi shekaru yana rarrafe, karatunsa ya tsaya, sai da ya zama saurayi ya sami keken guragu ya koma makaranta, har ya karanta shari'a a Jami'ar Jos. Ya kafa wata cibiya a Jos mai suna Beautiful Gate, sunan ƙofar Haikali inda gurgun nan na Ayyukan Manzanni sura 3 yake zama. A can ake lanƙwasa ƙarfe ana walda, ana ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, an raba dubbai kyauta ga Kirista da Musulmi. A 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa. Ƙafarsa ba ta miƙe ba. A Amurka ma akwai Joni Eareckson Tada, wadda ta karya wuya a 1967 tana da shekara 17 lokacin da ta yi tsalle cikin ruwa marar zurfi. Ita ma an kai ta tarurrukan warkarwa, ta dawo a kan kekenta. Ta koyi zane da buroshi a baki, ta kafa ƙungiyar Joni and Friends a 1979, wadda ke aika kekuna ƙasashe da yawa. Ban kawo su don in ce dole ki yi suna irin nasu ba. Yawancin masu bi da ke ɗauke da nakasa ba wanda ya san su sai unguwarsu, kuma Allah bai fi ganin waɗancan a kan waɗannan ba. Na kawo su ne domin ki ga cewa wanda aka hana shi abu ɗaya ba a hana shi kome da kome ba.

Ki dubi hannunki. Keken ɗinki na hannu yana bukatar hannun dama ya riƙa juya marfi, na hagu shi kaɗai ya riƙe yadi ya bi layi, abin da mai keken ƙafa yake yi da hannu biyu. Kin koya, har mutane suna kawo miki atamfar Kirsimeti suna biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san wahalar da kika sha kafin ɗinkinki ya miƙe. Wa kike tsammani ya ba ki haƙurin?

Game da mai wa'azin, ba zan ce ki tilasta wa zuciyarki yafewa yau ba. Ki fara da roƙon Allah ya hana ɗacin zama a ranki, sauran zai zo a hankali. Yafewa kuma ba ta nufin ki sake komawa taronsa. Duk inda aka ce ki jefar da sanda, ko ki daina shan magani, ko ki kawo kuɗi kafin a ɗora miki hannu, ki tashi ki fita.

Ki kula da jikinki. Waɗanda shan inna ya taɓa sukan fara jin sabon rauni da gajiya bayan shekaru masu yawa, kafaɗa da wuyan hannu kuma suna gajiya da sanda. Ki nemi ganin likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi a babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wanda ya fi kusa da ke, a duba ko takalmin ƙarfe zai taimaka, a kuma daidaita tsawon sandunan. Hawa keke don tafiya mai nisa ba gazawa ba ce. Ki sani kuma dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda za ku iya shiga, ta kuma ware muku kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma haƙƙinki ne, ki riƙa tambaya.

Lahadi mai zuwa ki koma majami'arku. Ba sai kin tsaya yi wa kowa bayani ba, amma ki sami fastonku ko matarsa ki ba su labarin duka, domin akwai wasu irinki a garin da za a ja zuwa taro na gaba, kuma aikin makiyayi ne ya gargaɗe su. Sannan ki kai wa dattawan ikkilisiya wata magana: a yi gangara ta siminti a ƙofar shiga da wurin hawan mawaƙa, a sa ƙarfen dafawa a bayan gida. 'Yan buhunan siminti ne da yashi da aikin matasa na Asabar ɗaya, tsofaffi masu ciwon gwiwa ma za su sa albarka. In suka ce babu kuɗi a asusu, ki kai maganar gaban zumuntar mata. Ki rubuto mini abin da suka ce, ina yi miki addu'a.