Ƙafarki Amana Ce: Yadda Za Ki Zaɓi Takalmin Da Ba Zai Cutar Da Ke Ba

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan takalmi yake. Wata za ta ce, Malama, takalmi kuma har sai an yi masa darasi? To ki saurara.

A ajin matan aure da nake koyarwa a nan cikin birnin Kano akwai wata baiwar Allah, ta haifi kamata, ba ta fashi ko ana ruwa. Sai muka yi mako biyu ba mu gan ta ba. Da muka je dubiya muka tarar da ƙafarta a naɗe. Ashe wata 'yar ƙusa ce ta ɓullo ta cikin takalminta, ta yini tana taka ta ba ta ji ba, sai da jikarta ta ga jini a tabarma. Tana da ciwon suga shekara da shekaru. Allah Ya taimaka an kai ta asibiti da wuri, ƙafar ta tsira, amma sai da ta yi wata uku tana salla a zaune. Tun ranar na ɗauki alkawarin yin wannan magana.

Me ya sa ƙafa take bukatar kulawa?

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, kuma ita ke ɗauke da nauyin jiki tun daga asuba har kwanciyar barci. Mu mata kuwa tsayuwarmu ta fi zamanmu yawa: girki, wanki, shara, goyo. Matsalolin da aka fi gani a cikinmu su ne kaushi da faso, musamman lokacin hunturu. Ciwon dunduniya wanda ya fi tsanani a takun farko da safe. Kumburi ga mai juna biyu. Karkacewar babban yatsa. Da ciwon gaɓɓai ga iyayenmu.

Mai ciwon suga kuma tata ta fi ta kowa. Idan suga ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa. Sai mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda suga daga ɗan ƙaramin ciwo abin yake farawa. Saboda girman lamarin ne a shekarar 2005 aka keɓe Ranar Ciwon Suga ta Duniya, wadda ake yi kowace 14 ga Nuwamba, ga batun kula da ƙafa.

Inda muke kuskure

Da yawanmu ba mu muke sayo wa kanmu takalmi ba. Maigida ne zai shigo da shi da salla, ko ya zo a lefe, ko dillaliya ta kawo har ɗaki. Lamba kawai ake faɗa, 39 ko 40, alhali lambar wannan kamfani ba ita ce ta wancan ba, ƙafa kuma takan ƙara faɗi bayan haihuwa da kuma idan shekaru sun ja. In ya matse sai a ce, "Ki daure, zai buɗe." Kafin ya buɗe ya riga ya yi miki kanta ko bororo. Ki riƙe wannan: takalmi ne zai bi ƙafa, ba ƙafa ce za ta bi takalmi ba.

Yadda za ki zaɓa

1. Ki gwada da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Ki gwada duka biyun a tsaye, ki ɗan taka. Sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya, sai ki bi babbar.

2. Idan ba za ki fita ba, ki taka kwali a tsaye, a zagaye miki kowace ƙafa da biro, a yanke. Wanda zai je kasuwa ya zura kwalin cikin takalmin. In ya lanƙwashe, takalmin ya yi miki kaɗan.

3. A bar tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya tsakanin yatsanki mafi tsawo da bakin takalmi. Gabansa ya zama mai faɗi, ba mai tsini ba.

4. Dunduniyar ta zama gajera mai faɗi. Takalmi mai tsini yana tura nauyinki duka kan yatsu. Wanda kuma ya cika laushi, har kina iya naɗe shi kamar tabarma, shi ma ba ya tallafar tafin ƙafa.

5. Ki zaɓi mai igiya ko maɗauri a baya, wanda za ki iya sassautawa idan ƙafa ta kumbura.

6. Ki shafa cikinsa da hannu. In kin ji ɗinki mai kaifi ko kan ƙusa, ki ajiye.

7. Fata ko yadi sun fi roba, saboda suna barin iska ta shiga. Silifas na banɗaki ne da alwala, ba na tafiya unguwa ba. Mai suga kuwa ta guji mai igiya tsakanin yatsu, ta nemi rufaffe mai taushi, ta sa da safar auduga wadda ba ta matse ƙwauri.

Sabon takalmi kada ki fara shi ranar biki. Ki sa shi awa ɗaya ko biyu a gida, ki cire ki duba. Inda ya yi ja, nan yake gogarki.

Muna da dukawa a gida

Kada ki ce sai na waje. Kano garin fata ce tun fil azal. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851 ya lissafa takalma cikin kayan da ake fitarwa daga Kano zuwa ƙasashe masu nisa. Har yau akwai masu wannan sana'a a Kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai. Idan ƙafarki mai faɗi ce ko yatsa ya karkace, ki aika wa baduku da kwalin nan, a gaya masa inda ke miki ciwo, ya yi da fata mai laushi, ɗinki kuma kada ya faɗo a wurin, ya haɗa da zare da gam ban da ƙusa. In gwanjo za ki saya, ki duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe guda zai karkatar miki da taku.

Alwala dama ce

Allah Ya hore mana wanke ƙafa kullum. Ki mai da lokacin alwala lokacin dubawa: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu. In ba kya iya sunkuyawa ki sa madubi, ko 'yarki ta duba miki. Ki tsane tsakanin yatsu sosai, domin laima a nan ke kawo ƙaiƙayi da tsagewa. Ki shafa man kaɗanya a dunduniya, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ki sa reza ki yanke kaushi ko kanta. Mai suga kada ta yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kada ta kara ƙafa a kaskon wuta, ruwan zafi kuma ta fara taɓa shi da gwiwar hannu. Kafin ki sa takalmi ki kakkaɓe shi, sannan ki fara da dama kamar yadda sunna ta koyar.

Maniyyaciya ma ta kula. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, ga tafiyar Mina da jifa. Mace mai harami an yarda ta sa safa da rufaffen takalmi. Ki tafi da wanda ƙafarki ta saba da shi, ki riƙe shi a 'yar jaka idan kin shiga masallaci. Alhazai da yawa sun ƙone tafin ƙafa a kan zafin ƙasa saboda ɓatan takalmi.

Yaushe za a tafi asibiti?

Idan kin ga ciwon da ba ya warkewa, ko wari, ko ƙafa ta canza launi, ko kina jin ta dundum kamar ba taki ba, kada ki tsaya shafe-shafe. Mai suga ko kwana ɗaya kada ta jira. Ga Asibitin Murtala nan kusa da mu, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai ciki kuma da kumburinta ya zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannu, ko ya haɗu da ciwon kai, wannan ba maganar takalmi ba ce, a gaggauta auna jininta.

Aikin gida: yau da daddare ki ɗauko takalmin mahaifiyarki ko surukarki, ki zura hannu ciki ki shafa. Sannan ki duba naki.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum.