Amsoshin Tambayoyinku: Fi'ili Muta'addi da Lazimi a Turanci

Wani mai sauraronmu daga Katsina ya aiko yana neman bayanin abin da Turawa ke kira "transitive" da "intransitive" a nahawunsu.

To, Malam, Allah ya ƙara basira, wanda duk ya karanci Alfiyyar Ibn Malik ta nahawun Larabci a zaure ya riga ya san wannan mas'ala, domin ita ce ta fi'ili muta'addi da fi'ili lazimi. Muta'addi shi ne wanda aikinsa ke ƙetarawa daga fa'ili, wato mai aikin, ya sauka a kan maf'uli, wato abin da aka yi wa aikin, kamar "Audu bought a horse", wanda in aka cire dokin sai mai ji ya ce, "Ya sayi me?" Lazimi kuwa yana tsayawa ga mai shi, kamar "the child slept", zance ya kammala.

Abin lura shi ne, inda Bahaushe ke sauya ƙarshen kalma ya ce "ya fasa tulu" da "tulu ya fashe", Bature kalma guda yake riƙewa, wato "he broke the pot" da "the pot broke", saboda haka jumla ce ke bayyana hukuncin fi'ilin. Allah ya sa mu dace.